Dutsen Kunnen Albako

Ƙarfe uku na dare muka bar Astoriya,
inda kogin Kolambiya ke dambe da teku.
Marit na riƙe da sitiyari da kofin shayi,
ni kuwa cikina na hannun Allah.

Awa tara muna keta koren ruwa mai sanyin randa,
sai ta yi nuni da haɓa: "Zulai, duba."
Ga iyaka kamar an ja ta da zare,
kore ya tsaya nan, shuɗi ya soma can,
shuɗin baban da ya kwana uku a marina.
Na jefa ma'auni, digiri goma sha bakwai.
"Unguwarsu ke nan," in ji ta.
Unguwar da ba ta da harsashi,
yau tana nan, jibi ta ƙaura mil talatin.

Igiyar hagu ta miƙe, ta yi kuka.
Na ja, ta ƙona min tafi,
ya faɗo kan katako yana kiɗan kalangu da wutsiya.
Baya baƙin shuɗi, ciki azurfa,
ido kamar kwabo,
fikafikan gefe dogaye, lauje biyu,
sun wuce rabin gangar jikinsa.

Na sa yatsa inda wuƙa ta buɗe,
na janye da sauri.
Ɗumi!
Ni da na tashi a Yawuri cikin ƙarnin tarwaɗa,
na san kifi da sanyin jiki kamar ƙasan tulu.
Wannan da murhunsa yake yawo.
Jinin da ya fito daga tsoka da zafi
yana gogar wanda ya sha sanyi a kunne,
ya ba shi ɗuminsa kafin su rabu,
kamar masu musabaha a bakin ƙofa.

Aikina ƙarami ne.
In tsaga kai, in nemo dutsen kunne,
ɗan fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
in jefa shi a kwalba, in rubuta lamba.
Can a ɗakin bincike zan ƙirga zobbansa.
Marit ta ɗaga shi ta auna da hannu:
"Shekara uku. Yaro ne."

Yaro!
An zuba shi ƙwai a ruwan zafi can kudu,
ɗaya cikin dubban dubbai da igiyar ruwa ta kwasa,
babu uwa, babu mai goyo.
Ya tsallake bakunan da suka cinye 'yan'uwansa,
ya bi ayari daga wajen Japan
yana farautar kifi mai tawada,
ya keto Fasifik ba guzuri,
ya zo ya haɗiyi ƙugiyar roba mai gashin ja
a hannun 'yar Basarke.

Da muka dawo na kira Baba.
Na ce masa akwai kifin da ba ya tsayawa,
baki a buɗe yake tafe, ruwa na wanke masa kunne,
ran da ya tsaya, ran nan numfashi ya ƙare.
Ya yi shiru, ina jin akuya a bayansa.
"To yaushe yake barci?"
Na ce ban sani ba tukuna.
"Ba shi da gurbi? Ba kogon dutse, ba gindin ciyawa?"
Na ce ƙarƙashinsa zurfin ya fi tafiyar awa guda a ƙafa,
bai taɓa ganin ƙasa ba.
Ya ce, "Allah mai iko. Ke kuma kin ci abinci?"

Ban ci ba.
Kwalabe arba'in da ɗaya na kan tebur,
tafina na raɗaɗi,
ɗakin kuma bai daina lilo ba.